Yadda A Ke Gane Ko Mai Kula Da Rumbun Fayil Yana Bakin Aikinsa

Kowane akawu ya san tarar da ofis a buɗe dabam ne, tarar da babban akawu a kan kujerarsa kuma dabam. Masinja na iya yin ta kai da kawowa, ana ta miƙa fayil, alhali kuwa wanda zai tsawata in aiki ya karkace ba ya nan. To, haka al'amarin ya ke ga manyan kwamfutocin da a ke ajiye fayilolin jama'a a cikinsu, waɗanda za mu kira rumbun fayil. Sau da yawa rumbun yana wani gari mai nisa, ma'aikacin da aka ba amanarsa bai taɓa ganinsa da ido ba.

Bari mu yi misali da tsarin AFS. An ƙago shi a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka cikin shekarun 1980, da taimakon kamfanin IBM, domin ɗalibi ya sami fayilolinsa a kowace kwamfuta ya zauna. A 1989 aka kafa kamfanin Transarc don sayar da shi, IBM ya saye kamfanin a 1994, sa'an nan a shekarar 2000 ya sake shi kyauta da sunan OpenAFS.

Manhajoji da yawa ke aiki a cikin wannan rumbu, kowace da ƙofarta, watau lambar da a ke aika mata saƙo, kamar lambar akwatin gidan waya. Mai miƙa fayil yana ƙofa ta 7000, mai kula da kundayen ajiya yana ta 7005, shugabansu kuwa, wanda a ke kira bosserver, yana ta 7007. Shi ne ke ta da sauran in an kunna na'ura, shi ke sake ta da wanda ya faɗi. In mai miƙa fayil ya mutu ba shiri, shi ke kiran manhajar gyara ta duba kundaye. Ta bakinsa ne kuma ma'aikaci ke ba da umurni daga nesa.

Ga inda hatsarin ya ke. Shugaban nan yana iya mutuwa mai miƙa fayil ya ci gaba da aikinsa, ba wanda zai kawo kuka, gama kowa yana samun fayilinsa. Sai ranar da mai miƙa fayil ɗin ya faɗi, a rasa mai ta da shi, aikin mutane ya tsaya cik. Saboda haka ba a jiran kuka, dubawa a ke yi, bisa matakai uku.

Na farko, a duba hanya. Ana yin wannan da umurnin ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983. Yakan aika ɗan gajeren saƙo, ya jira amsa. In an amsa, na'urar tana kunne, hanya kuma a buɗe ta ke, amma iyakar abin da aka sani ke nan. In ba a amsa ba kada a yi saurin cewa ta mutu, domin wadansu ma'aikatu sukan sa katangar tsaronsu ta hana irin wannan saƙo wucewa.

Na biyu, a ƙwanƙwasa ƙofar kanta. Sai a rubuta rxdebug, da sunan rumbun, da lamba 7007, a ƙara -version. In shugaban yana raye, za a ga lambar fitowar manhajarsa. A nan ne baƙon aikin yakan ruɗe. AFS yana magana ta hanyar UDP, don haka wanda ya gwada ƙofar da abin da ya san TCP kaɗai, irin su telnet, zai ga kamar a rufe ta ke, alhali lafiyarta lau.

Na uku, a tambayi shugaban labarin yaransa. Umurnin shi ne bos status da sunan rumbun, a ƙara -long. Zai jera kowace manhaja, ya faɗi ko tana gudana daidai, ko da gangan aka tsai da ita, ko kuwa shi ya ƙyale ta saboda yawan faɗuwa. Zai kuma nuna lokacin da aka ta da ita na ƙarshe, da ko sau nawa aka ta da ita. A lura da wannan adadi ƙwarai, gama manhajar da a ke ta tayarwa tana da ciwo, ko da a yanzu tana tsaye. Wannan tambaya ba ta bukatar izini, amma mai son ba da umurnin tsayarwa ko tayarwa sai sunansa na cikin fayilin UserList.

In ƙofa ta 7000 ta amsa, ta 7007 ta yi shiru, ɗayan biyu ne: ko shugaban ya mutu, ko katanga ce ta tare. Sai a sake gwadawa daga wata kwamfuta da ke layi ɗaya da rumbun. In can ma shiru, a shiga na'urar a karanta BosLog, watau rajistar da shugaban ke rubuta abin da ya auku. Kada a yi garajen kashe na'urar, domin yanke ta ba bisa ƙa'ida ba yakan jawo aikin gyara mai tsawo, jama'a na zaune suna jira. Sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Shawararmu ga mai riƙe da irin wannan amana ita ce ya mai da dubawar nan aikin kowace safiya, ya rubuta kwanan wata da sa'a da amsar da ya samu. Ranar da abu ya ɓaci, wannan rajista ce za ta nuna masa inda ciwon ya faro.