Tsirrai da Lafiyar Jijiyoyin Jini

Duk numfashin da ka ja yana shigar da iskar oksijin cikin huhunka. Daga nan jajayen ƙwayoyin jini su ɗauke ta, su bi ta jijiyoyi, su kai ta kowane sashe na jikinka. Idan wannan iska ta yi ƙaranci, jijiyoyin jini da zuciya suna cikin sassan da ke fara wahala.

Mutanen ƙasar Sin sun daɗe da sanin haka. Yankin Tibet tudu ne da tsayinsa ya haura mita 4,000, kuma iskar wurin ba ta wadatar da baƙo. Yakan yi fama da haki da jiri da ciwon kai. Masu maganin gargajiya na can sukan ba shi saiwar wani tsiro mai suna rodiyola. A yau masana suna gwada tsiron a ɗakunan bincike don su ga ko da gaske yana kare bangon jijiyoyi.

Garin Gombe ba ya kan tudu irin wannan. Amma a Tudun Wada da sauran unguwanni za ka sami yaran da ƙarancin oksijin ke cutarwa ta wata hanya. Su ne masu amosanin jini, wato sikila. Ƙwayar jini mai lafiya zagayayya ce, mai taushi, tana kuma rayuwa kamar kwana 120. Ta mai sikila kuwa, da zarar oksijin ta ragu sai ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Abin da ke jawo matsanancin ciwon ƙashi ke nan. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta a Nijeriya kowace shekara.

Shin tsirranmu za su iya taimakawa? Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu, Abuja, ta nemi amsa. Ƙarƙashin jagorancin Farfesa Charles Wambebe, masananta sun karɓi wani haɗin gargajiya, suka sarrafa shi, suka sa masa suna Niprisan. Uku daga cikin tsirrai huɗu da ke cikinsa ka san su: masoro da kanumfari da karan dafi. Sakamakon gwajin da aka wallafa a 2001 ya nuna cewa ciwo mai tsanani ya ragu ga waɗanda suka sha shi.

Ka lura da kalmar gwaji. Tsiro ba ya zama ingantaccen magani sai an auna shi, an san yawan da za a sha, an kuma gano illarsa. Ta wannan hanya ce Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro daga wani tsiro ɗan uwan tazargade, har ta sami kyautar Nobel a 2015. Saboda haka kada ka dafa masoro da kanumfari ka ba mai sikila. Ka taimake shi ya sha ruwa da yawa, ya guji sanyi da aikin wahala, ya kwana cikin gidan sauro. In ciwo ya tashi, a gaggauta kai shi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.

Kai ma ka je a gwada jininka tun kafin maganar aure ta taso. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Me ke samun ƙwayar jinin mai sikila idan oksijin ta ragu?
2. Kawo tsirrai uku da ke cikin Niprisan.
3. Don me ake gwada tsiro kafin a amince da shi?