Ostireliya: Harajin hayaƙi a gefe guda, rangwamen dizal ga masu haƙar ma'adinai a ɗaya gefen

A yankin Pilbara da ke yammacin Ostireliya, manyan motocin kamfanoni irin su BHP da Rio Tinto suna jigilar tama dare da rana, kuma akasarinsu da dizal suke aiki. Harajin da aka ɗora wa wannan mai, kimanin santi 50 a kan kowace lita, gwamnati tana mayar wa kamfanonin kayansu daga baya.

Rangwamen yana cin kusan dalar Ostireliya biliyan 10 a shekara. Manoma da masunta ma suna amfana da shi, amma masu haƙar ma'adinai ne ke kwasar kaso mafi tsoka.

Ita dai wannan gwamnati ce ke cewa duk mai gurɓata iska sai ya biya. A watan Yulin 2012 gwamnatin Julia Gillard ta sanya dala 23 a kan kowane tan na hayaƙin kabon, har aka ɗan rage rangwamen dizal ɗin a lokacin. Shekara biyu kacal tsarin ya yi, Tony Abbott ya soke shi a 2014.

A 2023 gwamnatin Anthony Albanese ta ƙarfafa wata doka da ta shafi masana'antun da ke fitar da hayaƙi sama da tan 100,000 a shekara. An yanka wa kowannensu iyaka, kuma iyakar tana raguwa da kashi 4.9 cikin 100 duk shekara har zuwa 2030. Wanda ya wuce sai ya sayi takardun diyyar hayaƙi.

A nan lissafin yake rikicewa. Lita ɗaya ta dizal tana fitar da hayaƙi kimanin kilo 2.7. Ke nan rangwamen santi 50 ya kai sama da dala 180 a kan kowane tan, yayin da takardar diyyar ba ta kai kwatan wannan kuɗi ba. Kamfanin da ke tunanin sauya motocinsa zuwa masu lantarki, idan ya buga wannan lissafi, da wuya ya yi gaggawa.

Ƙungiyar masu haƙar ma'adinai ta ƙasar ta dage cewa wannan ba tallafi ba ne. Hujjarta ita ce harajin mai na gyaran tituna ne, motocinsu kuwa ba sa bin titin gwamnati. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai kuɗin harajin baitulmali yake shiga kai-tsaye, ba wani asusun tituna ba.

Abin mamaki, daga cikin gida aka samu ɓaraka. Kamfanin Fortescue na attajiri Andrew Forrest, wanda shi ma yana karɓar rangwamen, ya nemi a taƙaita shi zuwa dala miliyan 50 ga kowane kamfani a shekara, abin da ya haura a karkatar da shi wajen sayen injinan da ba sa hayaƙi. Manyan abokan gogayyarsa ba su bi sahunsa ba.