Dodon da Ke Cikin Kanal Ba Ya Gaggawa

Duk wanda ya saba leƙa gidan kallo, ko yake karɓar finafinai a waya wurin masu turawa, ya san wannan salon labari. Ciwo ya ɓulla a gari, kafin gari ya waye sojoji sun rufe hanyoyi, uba yana gudun ɗansa. A fim ɗin 28 Days Later na 2002, ɗigon jini ɗaya ya faɗa wa mutum a ido, kafin ka ƙirga ashirin ya haukace. A Train to Busan na Koriya ta Kudu, wanda ya fito a 2016, cizo ɗaya ya ishi jirgin ƙasa guda. A Alien na 1979 kuwa, wata halitta ce ta dasa ɗanta a cikin mutum, ya girma, ya fasa masa ƙirji ana tsakiyar cin abinci.

Masu rubuta waɗannan labarai ba daga iska suke kamo su ba. Naman gwarin da aka gina shirin The Last of Us na 2023 a kansa yana nan a dazuzzuka masu dausayi, yana shiga jikin tururuwa ya juya ta yadda ya ga dama, sai dai bai taɓa yi wa ɗan Adam haka ba. Abin da fim ke ƙarawa daga aljihunsa shi ne gudu. Awa biyu kacal gare shi, dole ciwon ya yi sauri. Da haka aka koya wa mai kallo tsoron abin da ke kashewa yanzu-yanzu, shi kuwa mai ci a hankali aka bar shi yana ta cinsa.

Irin wannan mai ci a hankali yana nan kudu da birnin Kano, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke bin babban kanal yana rarrabuwa cikin gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Kashin farko na wannan shirin noman rani an tsara shi ne a kan kadada kusan 22,000, kuma yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Babu mai musun albarkar wannan ruwa. Shi ya mai da Kura garin shinkafa, shi ya sa manyan motoci ke layi a Kwanar Gafan lokacin tumatir, shi ya zaunar da dubban matasa a gida da rani maimakon tafiya ci-rani. Amma ruwan da ba ya ƙafewa rani da damina, mai tafiya sannu a ƙananan kanal masu ciyayi, ba manomi kaɗai yake wa daɗi ba. Yana wa katantanwa daɗi, wata 'yar ƙarama da ba ta wuce farcen yatsa ba, wadda masana ke kira Bulinus. A cikinta tsutsar tsargiya ke renon 'ya'yanta.

Ga yadda abin yake tafiya, kuma da wuya a sami marubucin fim da zai ƙago wanda ya fi shi ban mamaki. Yaro mai tsargiya ya yi fitsari a kanal ko a gefensa. A cikin fitsarin akwai ƙwai da ido ba ya gani, kowanne da ɗan tsini a gindinsa. Da sun taɓa ruwa sai su ƙyanƙyashe, 'yar halittar da ta fito ta shiga iyo tana neman katantanwa. Sa'o'i kaɗan gare ta, in ba ta samu ba ta mutu. In ta samu, ta shige ciki ta yi ta ninka kanta har wata guda ko fiye, sannan katantanwar ta fara amayar da dubban 'yan tsutsotsi masu wutsiya mai baki biyu. Sun fi fitowa da rana tsaka, daidai lokacin da zafi ke kora yara wanka, mata ke wanki, masu dashen shinkafa ke tsaye cikin ruwa har ƙauri.

Ba sa jiran ciwo ko tsaga a jiki. Lafiyayyar fata suke hudawa cikin 'yan mintoci, su yar da wutsiyar a waje, su bi jini. Iyakar abin da mutum zai ji ɗan ƙaiƙayi ne, wani ma ba zai ji komai ba. A jijiyoyin hanta suke girma har su kai tsawon santimita ɗaya zuwa biyu. Namijin yana da wani kwari a tsawon jikinsa, a nan yake rungume macen, su tafi tare zuwa jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara su zauna. Zaman na iya kai shekara uku zuwa goma, kullum macen tana zuba ƙwai. Wasu ƙwan su huda bangon mafitsara su fita da fitsari, shi ne jinin da ake gani a ƙarshen fitsari wata biyu zuwa uku bayan shiga ruwan. Sauran su maƙale a cikin nama, jiki ya yi ta yaƙi da su yana barin tabo. Wannan tabon ne ainihin cutar. Shi ke toshe hanyar fitsari, ya kumbura ƙoda, a wasu mutane ya kai ga sankarar mafitsara bayan shekaru masu yawa. Akwai kuma 'yar'uwar wannan tsutsa mai zama a jijiyoyin hanji, mai lalata hanta da kumbura saifa.

A fim, da an ga jini sai ihu. A ƙauyukanmu kuwa an daɗe ana ɗaukar fitsarin jinin yaro a matsayin abin da kowane namiji ke wucewa, har wasu na cewa alamar balaga ce. Ba abin dariya ba ne in aka duba dalili: idan yawancin yaran unguwa suna yi, kuma babu wanda ya faɗi ya mutu a gaban mutane, wa zai kira shi ciwo? Yaron dai yana nan, jininsa na raguwa, yana gyangyaɗi a aji, girmansa na tafiyar hawainiya. Ta ɓangaren mata abin ya fi ɓoyuwa. Ƙwan kan maƙale a mahaifa da al'aura, ya jawo ciwon mara da zubar jini, wani lokaci har da wahalar samun ciki. Sau da yawa a ɗauka ciwon sanyi ne, a yi ta ba ta maganin da ba nasa ba, wata ma a bi ta da zargin da ba ta ji ba ba ta gani ba.

Nijeriya ta taɓa ganin annoba irin ta fim, har an yi fim ɗin. A ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka Legas da cutar Ebola. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dokta Ameyo Adadevoh wadda ta hana shi barin asibiti. Steve Gukas ya mai da labarin fim mai suna 93 Days a 2016. A wancan lokaci har ƙauyukan Kano an yi wanka da ruwan gishiri saboda tsoro. Tsargiya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 250 ne suka buƙaci maganinta a 2021, kusan kashi 90 cikin ɗari a Afirka, kuma Nijeriya ce kan gaba wajen yawan masu ita. Ba ta da ranar sauka a filin jirgi. An sami ƙwanta a gawarwakin Misirawan zamanin Fir'auna, kuma a Alƙahira ne likitan Jamus Theodor Bilharz ya gano tsutsar a 1851.

Inda ta taɓa yin gudu irin na fim, madatsar ruwa ce ta ba ta ƙafa. Bayan an gama madatsar Diama a kan kogin Senegal a 1986, ruwan gishirin teku ya daina hawowa, katantanwa ta yaɗu, cikin 'yan shekaru tsargiyar hanji ta mamaye garin Richard Toll mai gonakin rake, inda da ba a san ta ba.

Magani akwai, kuma ba tsada. Praziquantel sunansa, tun shekarun 1970 aka samar da shi, kuma kamfanin Merck na Jamus yana bayar da ƙwaya har miliyan 250 kyauta duk shekara. Shi ne wanda ake rabawa a makarantu, a tsayar da yaro jikin sandar awo a ba shi daidai tsayinsa. Yana son a ci abinci kafin a sha, in ba haka ba sai jiri da tashin zuciya, kuma irin wannan ne ke sa iyaye hana 'ya'yansu karɓa a zagaye na gaba. Raunin maganin shi ne yana kashe manyan tsutsotsi ne kawai, ba ya hana sabon kamu. Yaron da ya sha ranar Talata, ranar Laraba yana cikin kanal.

Cewa manomin shinkafa ya guji ruwa zancen ofis ne. Abin da zai yiwu shi ne a tsinke igiyar a inda ta fi rauni. Tsargiya ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum, dole sai ta bi ta katantanwa, kuma ba ta isa katantanwa sai fitsari ko bayan gida ya shiga ruwa. Ke nan masai a bakin gona da makaranta aikin lafiya ne, haka ma rijiyar burtsatse da za ta raba wanka da wanki da kanal. Ruwan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu, tsutsotsin cikinsa sun mutu. Yashe kanal da cire kacala da sauran ciyayi, wanda ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ke yi don ruwa ya isa gonar ƙarshe, shi ne kuma ke raba katantanwa da mafakarta. Akwai maganin feshi mai kashe ta, sai dai yana haɗawa da kifi, don haka masunta ba sa maraba da shi. Gyaran kanal da aka yi a shirin TRIMING da bashin Bankin Duniya ya taimaki gudun ruwa, amma ciyawa ba ta san an gama kwangila ba, kuma yawancin ƙananan hanyoyin da ke kai ruwa cikin gona har yanzu na ƙasa ne, ba siminti.