Harbin Bindiga: Magani Tukuna, Takardar 'Yan Sanda Daga Baya

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Jos, ya karya ta Kwanar Dangora ya wuce Tudun Wada, ya san yadda mota ke yin tsit idan an doshi dajin Falgore. Shekaru da dama 'yan fashi da ɓarayin shanu da masu satar mutane sun addabi wannan daji, har a 2017 rundunar sojan ƙasa ta mayar da wani sashensa wurin atisaye. Ga sojoji da 'yan sanda, ga 'yan banga da mafarauta da bindigoginsu na toka. Inda bindiga ta yi yawa haka, tsautsayi ba ya nisa, kuma harsashi bai san mai laifi da marar laifi ba.

Sau da yawa abin da ke ƙarasa wanda aka harba shi ne tsoron mutanen da ke kansa. Za ka ga mutum kwance jina-jina a bakin titi, an yi masa zobe, kowa na cewa: "Kada ka taɓa, za su ce kai ne." Idan an samu mai ƙarfin hali ya ɗora shi a kan babur zuwa asibiti, sai ya tarar da wata tambayar: "Ina takardar 'yan sanda?" Kafin a je ofishin 'yan sanda a dawo, jini ya gama zuba.

To, jama'a su sani, doka ta rufe wannan ƙofa tun tuni. A watan Disamba na 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar tilasta kula da waɗanda aka harba. Dokar ta wajabta wa kowane asibiti a Nijeriya, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, an ajiye kuɗi ko ba a ajiye ba. Sanar da 'yan sanda aikin asibitin ne, kuma an ba shi sa'o'i 2 daga fara magani ya kai rahoto ofishi mafi kusa. Wanda sakacinsa ya jawo mutuwar majinyacin yana fuskantar ɗaurin shekara 5, ko tarar naira 500,000, ko duka biyun. Tun kafin wannan ma, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa ma'aikacin lafiya hana kowa taimakon gaggawa bisa kowane dalili, da hukuncin tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko a haɗa masa duka.

Dokar 2017 ba ta tsame masu kaki ba. Ta ɗora wa kowa, har jami'an tsaro, nauyin taimakon wanda aka harba da kai shi asibiti mafi kusa. Ko da soja ko ɗan sanda ne ya harbe shi, ko da ana zarginsa da fashi, ba za a bar shi ya mutu a bayan mota ba. Haka kuma 'yan sanda ba za su ɗauke shi daga gadon asibiti don bincike ba sai babban likita ya tabbatar ya samu sauƙin da zai iya amsa tambayoyi. Laifi kotu ce ke tabbatar da shi. A fagen yaƙi ma, yarjejeniyoyin Janiba na 1949, waɗanda Nijeriya ta amince da su, sun wajabta jinyar abokin gaba idan ya ji rauni, balle manomin da ya fito daga gonarsa a Doguwa ko mai kamun kifi a Tiga.

Shi kuwa mai taimako, doka ta ce a mutunta shi, kada a tsare shi da tambayoyin wulaƙanci don kawai ya kawo majinyaci. Saboda haka idan Allah Ya kawo ka wurin, ka samu tsumma mai tsabta ko ka yage rigarka, ka danne bakin raunin da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. Kada a tona neman harsashi, kada a zuba toka ko ƙasa ko fetur, kada a ba shi abinci ko ruwa domin wataƙila za a yi masa tiyata. A nufi babban asibiti mafi kusa, na Tudun Wada ko Doguwa ko Bebeji ko Kiru, ma'aikatan lafiya su tsayar da jini, idan abin ya fi ƙarfinsu su tura shi Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko na ƙashi da ke Dala. Ɓoye shi a gida wajen mai ɗori don gudun hukuma yana jawo ruɓewar rauni, wani lokaci har a yanke ƙafar da da an cece ta.

Idan wani asibiti ya ƙi karɓa, kada a tsaya cacar baki jini na zuba. A nemi ganin shugaban asibitin, a ambata masa dokar 2017. In ya ƙi, a wuce gaba, amma a rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya hana, a riƙe shaidu. Daga baya a kai ƙorafi ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Kano, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda ke taimakon marasa galihu kyauta.

Muna roƙon dagatai da masu unguwanni, da limaman Juma'a, da shugabannin direbobi da 'yan acaɓa, su isar da wannan saƙo a tasha da kasuwa da masallaci. Rashin sani ya fi dare duhu. Takardar 'yan sanda ana iya samo ta gobe, amma wanda aka harba yau ake ceto shi.