Da Wane Mudu Ake Auna Waƙar Shekara?

Duk sa'ad da watan Disamba ya kama, Kirsimeti ta ƙarato, sai wayoyin samari su cika da jerin sunaye, wai ga waƙoƙin bishara goma da suka fi fice a bana, ga kundin da ya zarce sa'a, ga kuma mawaƙin da ya ciri tuta. Daga nan sai muhawara ta kaure tsakanin matasan majami'u tun daga Jos har Kafanchan, wannan yana cewa an zalunci gwaninsa, wancan yana cewa ai alƙaluma ba sa ƙarya. A cikin jayayyar akwai wata magana da ake ta nanatawa har ta soma zama kamar tabbatacciya, wato tun da yake da wuya a ga waƙar Hausa a irin waɗannan jeri, to lalle waƙar bishara ta Arewa ta mutu, ko kuwa dama can ba ta da gwanaye. Wannan hukunci ne da aka yanke ba tare da an dubi mizanin ba, kuma warware shi ya shafi Kirista da Musulmi baki ɗaya, domin da irin wannan mizani ne ake auna sha'irai da masu bege su ma.

Mu ɗauki shekarar 2020, wadda babu mai gardama a kan waƙar da ta mamaye ta. Waƙar nan Way Maker, wadda aka riƙa rerawa a harabar asibitocin Amurka lokacin da annobar korona ta rufe wuraren ibada, har mutane da yawa suka zaci Ba'amurke ne ya tsara ta, alal haƙiƙa ta wata 'yar Nijeriya ce, Osinachi Kalu, wadda aka fi sani da Sinach, 'yar asalin Jihar Ebonyi, kuma tun ƙarshen 2015 ta fitar da ita. Shekara huɗu aka yi ana rera ta a majami'un Afirka ba ta zama waƙar shekara a wurin masu tsara jeri ba, sai da ƙungiyar Leeland ta Amurka ta sake rera ta a 2019, Michael W. Smith kuma ya biyo baya a farkon 2020. Sannan ne shuhurarta ta kai inda ake lissafi, Sinach ta zama mutum na farko daga Afirka da ya hau saman jerin marubutan waƙoƙin Kirista na mujallar Billboard, aka kuma ba waƙar lambar Dove ta waƙar shekara a watan Oktoba. Ko harafi ɗaya bai ƙaru ga fasahar mai waƙar tsakanin 2015 da 2020 ba. Bakin da ke rera ta ne ya sake, da ƙasar da ake rera ta a ciki.

Sababin haka kuwa a fili yake ga wanda ya san yadda ake haɗa jerin. Billboard tana ƙirga cinikin waƙa, da yawan sauraronta ta intanet, da yawan sanya ta a gidajen rediyo, amma manyan jerinta na waƙoƙin Kirista a cikin Amurka ake tattara su. Lambar Dove, wadda aka fara bayarwa a 1969, ƙuri'a ce ta 'yan wata ƙungiyar masu sana'ar waƙoƙin bishara da ke birnin Nashville. Akwai kuma wani kamfani mai suna CCLI, wanda majami'u ke biyansa kuɗin izini, su riƙa kai masa rahoton waƙoƙin da suka rera a sujada, shi kuma ya raba wa marubutan haƙƙinsu gwargwadon rahoton. Su kuwa YouTube da Spotify, iyakarsu su ƙirga sau nawa aka latsa waƙa a dandalinsu, Spotify ma sai a 2021 ta fara aiki a Nijeriya. Kowane ɗayansu yana faɗin gaskiya a kan abin da ya bi ta ƙofarsa, illa iyaka dai ba shi da masaniya a kan abin da bai bi ta nan ba.

Misalin abin kamar mutum ne ya zauna a bakin kasuwar Dawanau da alƙalami, yana rubuta kowane buhu da aka sauke daga mota, sa'annan da yamma ya tashi ya yi shela cewa ga iyakar abin da ƙasar Kano ta noma. Lissafinsa na buhunan daidai ne, ba wanda zai ƙaryata shi. Amma geron da ke cikin rumbu, da dawar da aka fitar zakka, da damin da aka kai wa suruki, da wanda aka surfe aka tuƙa tun a ƙauye, duk ba su shiga littafinsa ba, alhali kuwa su ne galibin abin da ya raya jama'a a shekarar. Wanda ya ce ba a yi noma a wani gari ba don kawai bai ga buhunsa a Dawanau ba, ya nuna bai san garin ba.

Waƙar bishara ta Hausa kuwa mafi yawanta a rumbu take. Tun bayan zuwan mishan na SIM a 1893 da na SUM a 1904, musamman ma bayan da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Mila na Zariya ya yi wa jagoranci, Hausa ta zama harshen sujada ga al'ummu masu ɗimbin yawa waɗanda ba shi ne harshensu na gado ba, irin su Birom da Ngas da Bajju da Tangale da Bura. Da fari waƙoƙin Turawa aka fassara aka zuba a cikin Littafin Waƙoƙi, da karinsu na asali, wanda sau da yawa ba ya jituwa da hawa da saukar muryar Hausa. Daga baya 'yan ƙasa suka shiga tsara nasu, kuma babu waɗanda suka kai 'yan Zumuntar Mata himma a wannan fage, da tukwanensu na kiɗa, da gora, da salon bayarwa da amshi irin na waƙar daka da ta biki. Sai wata baiwar Allah a Zonkwa ko Kaltungo ta tsara waƙa, ta koya wa 'yan uwanta, su kai ta babban taro, kafin shekara ta zagayo ana rera ta a Biu da Yola, har ta tsallaka Maraɗi, dubban bakuna suna ɗaukarta kowace Lahadi, ba tare da wata na'ura ta ƙirga ko sau ɗaya ba. Hatta waɗanda aka naɗa a situdiyo, galibi ta hannun masu turi a kasuwa suke yaɗuwa, a zuba wa mutum ɗari a katin waya, ko abokinsa ya tura masa ta WhatsApp, wannan ma duk bayan idon mai lissafi ne.

Ba kuma za a ce harshen ne ya yi wa mawaƙan Arewa tarnaƙi ba. Panam Percy Paul, ɗan Adamawa mazaunin Jos, ya yi shekaru da dama ana jinsa a faɗin ƙasa. Jeremiah Gyang ya shigar da Hausa gidajen rediyon Kudu da waƙarsa Na Ba Ka. Waƙoƙin Solomon Lange na Hausa kuwa ana rera su a majami'un Legas da Fatakwal a bakin mutanen da ba su iya ko gaisuwa da harshen ba. Inda aka sami mai naɗa da mai yaɗawa, waƙar Hausa takan shiga kasuwa ta yi daraja.

Saboda haka abin damuwar yana wani wuri daban da inda samari ke nuni. Dalilin da ya sa Sinach ta ci moriyar aikinta bayan ya tsallaka teku shi ne sunanta yana rubuce a jikin waƙar, duk wanda ya sake rera ta wajibi ne ya ambace ta, ya kuma biya. A nan kuwa, tambayi 'yan mawaƙan kowace majami'a wa ya tsara waƙar da suka fi ƙauna, da wuya ka sami amsa da ta wuce cewa a taro aka koyo ta. Nijeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka wadda aka sa wa hannu a 2023, akwai kuma hukumar da aka ɗora wa alhakin aiki da ita, sai dai labarinta bai cika isa ga matar da ke tsara waƙa a bayan murhu ba, kuma ban ga alamar ana gaggawar kai mata shi ba. Tsofaffin kaset-kaset na cinyewa a cikin akwatuna, masu sanin asalin waƙoƙin suna ta riga mu gidan gaskiya, mu kuwa muna can muna cacar baki a kan jerin da aka tsara a Nashville.

Magabatanmu masu waƙa da ajami suna da wata kyakkyawar al'ada: in ƙasida ta zo ƙarshe, mai ita yakan ambaci sunansa, ya kuma saka shekarar da ya yi ta da ramzi, shi ya sa har yau ake iya danganta waƙoƙin zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u ga masu su. Irin wannan amanar ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Kowace ikilisiya tana da magatakarda, kowace zumunta tana da littafin ajiyar sunaye. Idan aka ware shafi aka rubuta sunan waƙa, da wanda ya tsara ta, da gari, da shekara, aka naɗi murya ko da a waya ne aka kai wa sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu, to ranar da wata waƙa ta Zumuntar Mata za ta kai kunnen wani mawaƙin ƙetare, za a san ƙofar da za a kai haƙƙinta.