Koren Ganye Ba Shaidar Lafiya Ba Ne

"Ai ga shi nan kore shar, bai ƙone ba." Amsar da mai garka ke bayarwa ke nan idan aka yi masa magana a kan fesa wa albasa maganin ƙwari da famfon da ya fesa maganin haki jiya, ba tare da ya wanke shi ba. Ana jin wannan magana a garake daga Galmi zuwa filayen noman rani na Birnin Ƙonni da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango, har fadamun Badagishiri. Abin ya isa haka nan, don masu bincike sun daɗe da gano cewa ganye na iya shan wahala kwanaki kafin launinsa ya canza.

Yadda aka gano hujjar ma abin dariya ne. A shekarar 1951, a cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke Amurka, Bernard Strehler da William Arnold suna ƙoƙarin auna makamashin da tsiro ke tarawa. Suka haɗa samfurinsu da ruwan jikin ƙwaron nan mai ƙyalla wuta da dare, don haskensa ya zame musu ma'auni. Sai suka ga na'urar tana nuna haske ko da ba a sa ruwan ƙwaron ba. Ashe koren tsiron ne da kansa yake fitar da haske bayan an kashe fitila.

Sinadarin da ke sa ganye kore, wato kulorofil, shi ke kama hasken rana, ya tura ƙwayoyin lantarki su bi wata hanya har a samu sukarin da shuka ke rayuwa da shi. Idan duhu ya zo, kaɗan daga cikinsu sukan koma inda suka fito, sai makamashin ya fita a matsayin jan haske, kamar garwashin da ke ci a murhu bayan harshen wuta ya mutu. Ido ba ya ganinsa, sai na'ura a ɗaki mai duhu. Yakan ɗauki daga ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba zuwa 'yan mintuna.

To ina ruwan mai albasa da wannan? Magungunan haki irin su atrazin da diyuron a kan wannan hanya suke aiki: toshe ta suke yi. Da zarar maganin ya isa cikin ganye, tsarin wannan haske sai ya rikice, na'ura ta nuna cikin mintuna ko sa'o'i kaɗan. A lokacin kulorofil ɗin yana nan bai lalace ba, ganye kore shar, amma aikin haɗa abinci ya ragu ko ya tsaya. Rawayar da manomi ke jira ya gani a ƙarshen ɓarna take zuwa. Idan kuma guntun magani ne ya rage a famfo ko a tiyo, wataƙila rawayar ba za ta fito sosai ba, shukar dai ta yi ta jan jiki. Albasa kuwa ba ta da asusun da ya wuce ganyenta, domin kowane ɓawo na cikin kanta gindin ganye ne da ya cika da abincin da ganyen ya haɗa. Kwanakin da ganye ya yi ba ya aiki, a buhu za a ga giɓinsu ranar da dillali ya zo. Sai a ɗora laifin a kan iri, ko taki, ko bakin mutane. Wani ma ya ƙara zuba takin zamani a kan shukar da ba yunwar taki ke damunta ba, kuɗi ya tafi a banza. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Ƙishi da zafin rana da gishirin ƙasa su ma suna rikita wannan haske kafin ido ya lura.

Abin takaici, kwamitin da ke tantance magungunan gona na ƙasashen Sahel ya hana maganin haki na parakwat tun 2011, ya hana atrazin a 2015, amma kwalabensu na ci gaba da tsallako iyaka suna shiga kasuwannin ƙauye, mai sayarwa bai iya karanta takardar jikinsu ba, balle mai saye.

Manomi ba ya bukatar na'urar Oak Ridge. Famfo biyu yake bukata, ɗaya na maganin haki, ɗaya na maganin ƙwari, a ɗaura wa na hakin jan ƙyalle don kada yaron da aka aika ya ɗauko shi bisa kuskure. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, ya wanke tulun famfon da sabulu, ya ɗauraye sau uku, kowane karo yana fesar da ruwan ta tiyo da bakin famfon, don a nan guntun yake maƙalewa. Ruwan wankin kada ya shiga magudanar ban ruwa ko kusa da rijiya, don manomin da ke ƙasa da shi ma shuka yake yi. Kada a yi feshi iska na kaɗawa wajen fangalin maƙwabci. Famfon aro kuwa, a tambayi me aka zuba masa a baya, ba rashin kunya ba ne.

Akwai kuma tarkon ƙasa. Atrazin yakan yi watanni a cikinta, don haka gonar masarar da aka fesa wa da damina ba wurin zuba irin albasa ko tumatir ba ne da kaka. Mai shakka ya ɗebi ƙasar gonar a kwano ɗaya, ya ɗebi wata daga inda ba a taɓa feshi ba a kwano na biyu, ya shuka wake a duka biyun, ya ba su mako biyu zuwa uku. Idan na kwanon farko ya tsumbure ko gefen ganyensa ya yi rawaya, a nemi wani fili, a kuma kai wa malamin gona kwalbar maganin da aka fesa ya duba ko tana ɗauke da lambar izinin kwamitin Sahel.