Minti 45 a kan waya: abin da ke hana mai tafiya a sama faɗuwa

A safiyar 7 ga Agustan 1974, mazauna birnin New York suka ɗaga kai suka hango mutum yana tafiya a kan wayar ƙarfe tsakanin tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, fiye da mita 400 daga ƙasa. Philippe Petit ne, Bafaranshe ɗan shekara 24. Ya shafe kimanin minti 45, ya ratsa sau takwas, babu igiyar kariya a ƙugunsa.

Rawar da ƙafafun yawancin mutane ke yi a irin wannan wuri ba ragwanci ba ce. Jiki yana daidaita tsayuwarsa ne da taimakon ido da cikin kunne da tafin ƙafa. A can sama ido yakan rasa abu na kusa da zai auna kansa da shi, sai jiki ya soma tangaɗi, jiri ya biyo baya. Doguwar sandar da Petit ya riƙe tana rage saurin karkatar jiki, ta ba shi sararin gyara tsayuwa. Sauran kuwa atisaye ne na shekaru.

Babu hukumar da ta ba shi izini. A ɓoye shi da abokansa suka hau da kayan aiki, suka harba zaren farko zuwa ɗaya benen da kwari da baka. 'Yan sanda sun cafke shi, amma aka janye tuhumar bisa sharaɗin ya yi wa yara wasa kyauta a Central Park. Washegari Shugaba Nixon ya sanar da murabus.